Tsohuwar da Ta Tsayar da Motar Haya

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Ke Tabawa, in tsoro za ki ji, tashi tun yanzu, kar ki zo kina maƙale mini.

Sallau direba ne a wani kamfanin hayar motoci a Kano. In mutum ya kama haya, shi ne zai tuƙa motar har ƙofar gidansa, ya miƙa makulli, ya biyo motar tasha ya dawo.

To, a kamfanin akwai wasu tsofaffin motoci da masu ƙera su suka yi shela a mayar musu, wai tiyon man birkinsu yakan fashe in ya sha zafi. Kowa a garejin ya ji. Amma manajan, wani marar imani da ake kira Oga Barau, ya ce ina, lokacin hutu ne, mota ba za ta je ta kwanta a layin gyara ba. Ya sa aka fesa musu sabon fenti, aka juya mitar lissafin tafiyarsu baya. Tsohuwa ta koma yarinya, a ido dai.

Ranar nan ya jefa wa Sallau makullin ɗaya daga cikinsu.

"Saminaka za ka kai. Malama Uwani. Gobe za ta kai 'ya'yanta Lafiya."

"Oga, ta Hawan Kibo fa za ta gangara. Motar nan kuwa..."

"Kai makanike ne?"

"A'a."

"To kai mota, ka ja bakinka. In ba za ka iya ba, masu neman aiki na bakin ƙofa."

Sallau ya ja bakinsa. Amma wallahi tun da ya fita gari zuciyarsa ta ƙi zama wuri ɗaya. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya sake kunnawa. Ya riƙa ce wa kansa ai ba lallai ne ya fashe ba.

Rana ta take tsaka ya shiga dajin Falgore. Kun san wannan lokacin ba na mutane ba ne. Ba mota gaba, ba mota baya. Sai hayaƙi ya fara tasowa daga bonet. Ya gangara gefe, gindin wata tsamiya. Lagireto na tafasa fal-fal. Ya naɗe hannu da tsumma, ya tuna yadda kakarsa ta hana shi zubar da ruwan zafi a ƙasa kai tsaye, ya ce:

"Bisimilla. Bayin Allah, a kauce, ruwan zafi."

Sannan ya murɗe murfin. Ruwa ya yi tsiri, ya malale ƙasa.

Kukan gyare ya ɗauke. Ɗif.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Ya waiwaya. Wata tsohuwa ce tsaye, 'yar firit, zaninta na jan ƙasa. Bai ji zuwanta ba. Kuma sai bakinta ya gama motsi sannan muryar ke isowa.

"Yawwa, Iya. Daga ina haka?"

"Daga nan. Ka rage mini hanya."

Bakinsa ya so ya ce a'a, kansa ya gyaɗa. Ya ƙara ruwa a lagireto. Ta zagaya ta kan kwalta. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ba takalmi ke irin wannan ƙara ba. Ta shiga gaba ta zauna, kujerar ko lotsawa ba ta yi ba.

Suka kama hanya. Gumi na bin bayan Sallau. Ya ƙi kallon ƙasan zanin.

"Jikokina na wasa a gindin tsamiyar nan," in ji ta. "Da ba ka yi magana ba, da ka saɓule musu fata."

"Allah ya kiyaye, Iya."

"Ya kiyaye. Motar wa ce?"

"Ta haya ce. Wata malama zan kai wa."

"Da yara?"

Ya gyaɗa kai.

"Ikon Allah," ta ce. "Waɗanda ba ka gani ka ce musu su kauce. Waɗanda za ka gani da idonka, me za ka ce musu?"

Tana rufe baki hanya ta karkata, ta fara gangara. Can ƙasa wata gada ce 'yar siririya, ga tirela ta mutu a bakinta. Sallau ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa, salam, ba abin da ya tare ta. Ya sake takawa. Ya ja birkin hannu, ya ji wani abu ya ɓalle. Motar sai ƙara gudu take.

"Innalillahi! Iya, birki!"

Ko gezau. Ta buɗe ƙofa, ta tattare zani, ta zura ƙafa waje. Nan ya gani. Kofato ne, baƙi wuluk, irin na jaki. Ta kafa shi a kwalta. Wuta ta riƙa tartsatsi, ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse, wari ya cika motar. Suka tsaya cak, hancin motar na shafar bayan tirela.

Ta mayar da zaninta ta rufe.

"Na biya ka bashin jikokina. Gobe ba na cikin motar."

Ya kifa kai a sitiyari yana salati. Da ya ɗago, kujera wayam, ƙofa a rufe.

A nan ya bar motar. Ya yi tafiyar ƙasa har wata motar itace ta ɗauke shi. Da la'asar ya isa gidan Malama Uwani, hannu rabbana, ƙafa duk ƙura. Yara suka rugo waje, sun riga sun haɗa jakunkunansu.

"Ina motar? Ina motar?"

"Babu mota," ya ce. "Malama, ki yi haƙuri. Birkinta ba shi da kyau, kuma tun a Kano an sani. Ni ma na sani. Kar ki yarda su aiko miki da irinta."

Haba, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba! Ta wanke shi tas, ta kira Oga Barau ta wanke shi. Kafin ta ajiye waya an kori Sallau daga aiki. Yara na kuka an fasa tafiya. Shi kuwa yana tsaye yana kallonsu, masu kuka da ransu da lafiyarsu, wani sanyi na ratsa shi.

Ya juya zai tafi, sai 'yar autar ta share hawaye, ta leƙa bayansa.

"Kawu, kakar da ta rako ka ba za ta sha ruwa ba? Ga ta can tana ɗingishi."

Sallau bai waiwaya ba. Ku ma, in tafiya ta bi da ku dajin nan, kar ku shige shi ku kaɗai da tsakar rana. Tabawa, sakar mini riga.