Jatau da Dodannin Cikin Gora

A wani gari can da, an yi wani mai gadi, Jatau. Kullum cewa yake, "Ni da tsoro? Ko dodo ya san ni."

Ran nan jikarsa Ladidi ta jera madubi uku cikin guntun gora, ta zuba duwatsun ado, ta kawo masa a dandali. "Kaka, leƙa ka ga furanni."

Jatau ya kafa ido. Maimakon furanni, sai ga baƙaƙen dodanni birjik, kowanne da ƙaho, suna motsi tare. Ya juya gorar, suka juyo kansa. Ya yar da gorar, ya ɗare bishiya yana salati, jama'a na kallo.

Ladidi ta zazzage gorar. Kyankyaso ɗaya ya faɗo, wanda madubin suka mai da shi dodanni birjik.

"Sauko, Kaka," in ji ta. "Ko wannan dodon bai san ka ba ne?"