Ranar da Iya Ta Kira Sunanta

Fatar hannun kujerar ta ƙoƙe a wuri ɗaya, daidai inda babban yatsa yake sauka. Barira ta lura da hakan tun zuwanta na farko, shekara huɗu da suka wuce. Yau ma da ta zauna, yatsanta ya nemi wurin da kansa. Ko ɗalibai nawa ne suka kankare shi da farce kafin ita?

Hular na'urar ta sauko a hankali ta rufe mata kai, da ɗan sanyi kamar an kifa mata jiƙaƙƙiyar ƙwarya. Allon bango ya kama, ƙananan fitilu suka fara kai da komo.

A takarda sunanta Na'urar Taskace Tunani, amma duk Jami'ar Kimiyya ta Birnin Tsauni babu mai kiranta haka. Matatsa ake ce mata. Kamfanonin da ke ƙera mutum-mutumi masu raino ne suka kafa ta. Sun gano cewa ƙarfe yana iya koyon goyo da wanka da dama koko, amma ba ya iya rarrashi sai an zuba masa abin da wani ɗan Adam ya taɓa ji a jikinsa. Saboda haka ɗalibin da ba shi da hali yakan zo ya ba da wani abin da yake tunawa na ƙuruciya, su kuma su biya masa karatun zango ɗaya. Da farko an ce kwafi kawai take ɗauka. Daga baya aka gane duk abin da ta tatsa, ba ta barin ko ɗigo. Layi bai ragu ba.

"Injiniya!" in ji Malam Sha'aibu, mai kula da na'urar, yana gyara tabarau. "Me kika kawo mana yau? Kada dai ki ce wasan 'yar tsana, an cika mana rumbu da shi."

"Duba dai ka gani, Malam."

Ya yi ta dubawa yana tsaki. Ta riga ta ba da ranar da kakarta ta koya mata dama fura. Ta ba da wankan rafi, da kitson sallarta ta farko, da wasu huɗu da ko sunansu ba ta riƙe ba.

"Ƙanwata, kin yi kwantai. Ragowar duk ƙaiƙayi ne, ba zai kai ki ko ƙofar ɗakin gwaji ba." Wata fitila shuɗiya ta tsaya cak a tsakiyar allon. "Wannan fa? Kin sha taɓa shi, har ya yi santsi."

Barira ta san ko mene ne. Ita ce 'yar fari. A Rimin Dawa, garinsu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, ba ta jan shi jikinta a gaban mutane. Kunya ce, kuma Iya ta riƙe ta fiye da kowa. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Amma tana shekara tara zazzaɓi ya kwantar da ita, ranar mutanen gida duk sun tafi suna. Da azahar Iya ta shigo, ta duba ta ga idonta a rufe. Ta ɗora kanta a cinya, ta shafa mata yatsa daga goshi zuwa karan hanci sau uku, ta ce, "Barira, Barira, Barira. Ke ce ruwan randata. In kin ƙafe, me zan sha?"

Barira ba barci take ba. Ta dai ƙi buɗe ido don kada Iya ta daina. Ba a sake ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Wannan zai biya zangon ƙarshe har da rigar yaye," in ji Malam Sha'aibu. Wasa ya bar muryarsa. "Amma ni da ƙanwata ce ke, uwa ɗaya uba ɗaya, da na ce ki je ki kwana a kai. Irin wannan ba a samun biyu."

"Jibi za a rufe rajista."

"Na sani."

"Iya ta sayar da awakinta ta sa ni a jirgi. Duk garin sun san yarinyar nan za ta zama injiniya." Ta dubi shuɗiyar fitilar. "Kuma ita ma ba ta san ina da shi ba, Malam. Ta ɗauka barci nake. Wa zai yi cigiyarsa?"

Ya dube ta, ya dubi allon, ya ce bismilla ya danna. Yatsanta ya nutse cikin ƙoƙewar fatar. Minti uku aka yi. Da hular ta ɗaga, ya miƙa mata 'yar takardar shaida mai layi ɗaya: Iya, zazzaɓi, shekara tara. Ta karanta kamar adireshin gidan da ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar yaye ɗalibai Iya ta iso da hantsi a jirgin lantarki, da mayafinta na zuwa biki. Ta zaɓi kujerar gefe a cikin babban zauren. Barira ta durƙusa ta gaishe ta, rigar yaye tana jan ƙasa.

"Ke, an gama?" in ji Iya, tana kallon wani wuri.

"An gama, Iya."

"To, madalla." Ta ciro ƙullin dakuwa daga jaka ta riƙe a cinya. "Wannan hular kuma kamar faifai."

Barira ta yi dariya. A layin gabansu wata Hajiya ce da jikarta, da mutum-mutumi mai raino, fara sol, an ɗaura mata zane. Ƙarar lasifika ta firgita yarinyar, ta fashe da kuka, ta ƙi alewa, ta ƙi waya. Sai mai rainon ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan yarinyar a cinya. Ta shafa mata yatsa daga goshi zuwa karan hanci sau uku.

"Suhaima, Suhaima, Suhaima," ta ce, da harshen mutanen Rimin Dawa. "Ke ce ruwan randata. In kin ƙafe, me zan sha?"

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta yi tsit.

Hajiyar ta waiwayo tana murmushi. "Sabon samfuri ne, wata biyu da fitowa. Wallahi ta fi mutum. Kullum sai ta yi mata haka sau goma."

"Kai, wannan ta iya," in ji Barira, tana leƙen gaɓoɓin yatsun da idon mai sana'a. "Iya, kin ji? Wai ruwan randa. Ko ina suka samo wannan magana?"

Iya ta juyo ta dubi Barira ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba. Ta daɗe tana dubawa, kamar mai leƙa rijiya. Sannan ta mai da kai ga ƙullin da ke cinyarta, ta ce a hankali, ba da kowa ba, "Ashe ba barci take ba."

Sai a lokacin Barira ta tuna da 'yar takardar. Iya, zazzaɓi, shekara tara. Ta dubi mutum-mutumin, ta dubi yatsun Iya. Ta gane, kamar yadda ake gane amsar lissafi. Ta lalubi cikin kanta ko za ta ji wani abu, ta tarar da wurin fayau, an share shi tas.

"Iya…"

Lasifika ta ce ɗaliban sashen ƙere-ƙere su hau layi. Wata ma'aikaciya ta ja hannun rigarta. Ta bi sahu tana waiwaye, har aka kira sunanta da ƙarfi, zauren ya ɗauki tafi.

Daga kan dandamali ta hango kujerar gefe. Iya ta miƙe. Ta ajiye ƙullin dakuwar a kan kujera, ta daidaita shi don kada ya faɗi. Ta gyara mayafinta, ta raɓa ta bayan mutum-mutumin ba tare da ta taɓa ta ba, ta bi jikin bango har ƙofa, ta fita.