Gafiya a Gonar Malam Badaru

"Daga bana, ɗan Adam ya gama sunkuyawa don haƙa ƙasa."

Usaid ɗan Gumel ne ya sanar da haka a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ranar da aka haɗa ɗaliban da za su shiga gasar ƙera mutum-mutumi, wato injin da zai haƙi ƙasar duniyar wata ya tara ta, ba mai tuƙa shi. Kowa ya tafa, ban da wata yarinya mai riƙe da sukundireba.

"Ka taɓa sunkuyawar ne?" in ji ta.

Haulatu ce, 'yar Ɗanzomo, wadda za ta koya wa injin gane hanya. Usaid ya juyo ya ga idanunta, nan take ta shiga ransa.

Injin suka sa masa suna Gafiya. Kafin zango ya ƙare, waya ta fara ɗaukar zafi tsakanin Usaid da Haulatu.

"Tauraruwata, yau Gafiya ta kauce wa dutse ita kaɗai. Ni kuwa na kasa kauce miki."

"Injiniyana, ka ci abinci tukuna. Kuma tayar hagu tana ƙara."

A tsakanin injiniyoyi, wannan amincewa ce.

Da lokacin gwaji ya yi, aka rasa fili mai rairayi. Haulatu ta ce gonar babanta rairayi ce zalla, kuma ruwa bai sauka ba, ba komai a ciki. Aka sauke Gafiya. Ta haƙa, ta kwasa, ta tara tuli a gefe, ba kuskure ko ɗaya. Ana cikin murna babanta Malam Badaru ya iso, ya cusa hannu cikin tulin, ya fito da ƙwayoyin gero.

"Wa ya tone min binne?"

Ashe ya riga ya binne iri a busasshiyar ƙasa, yana jiran ruwan fari. Haulatu, da ta jima tana cin damina a makaranta, ta manta ana haka. Gafiya kuwa ta san dutse, ta san rami, amma ba wanda ya gaya mata akwai gero a duniya.

Da kawun Usaid ya zo nema masa auren Haulatu, Malam Badaru ya karɓe shi da fura da mutunci.

"Yaronku na da ilimi, na gani a gonata," in ji shi. "Barau mai motocin Maigatari ma ya aiko. Shi dai bai taɓa tone min komai ba."

Haulatu ta durƙusa bayan baƙo ya tafi. "Baba, ni na nuna masa gonar."

"Ke ma ai ban gama da ke ba."

Kwana biyu Usaid bai ci abin kirki ba, sai ga saƙo.

"Injiniyana, hadari ya fara haɗowa. Baba bai ce a'a ba. Ya dai jingine shebur da fartanya a ƙofar zaure, kuma ba nasa ba ne, sababbi ne."

Usaid ya hau acaɓa. Ya baje tulin da hannunsa, ya sari ramuka, Haulatu na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige.

"Layinka ya karkace, masoyi."

"Ke nake waiwaye."

"To ka bari sai mun kai ƙarshe."

Ya dawo ya yi noman fari, ya dawo ya yi maimai. Barau ya wuce a mota sau ɗaya, ya ga surukin gona, bai ƙara aikowa ba. Gafiya ta je gasa ta dawo da takardar yabo, gero kuma ya yi kai.

Bayan girbi aka ɗaura aure a Ɗanzomo. Malam Badaru ya riƙe hannun ango, ya shafa kantar da ta fito a tafinsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai sanin gona."

A wajen walima, abokin ango Sajo ya tashi ya tuna wa jama'a cewa angon nan ne ya raba ɗan Adam da sunkuyawa. Aka tafa sosai. Ango ya yi murmushi, ya dafa ƙugu, ya miƙe daga tabarma a hankali.

A cikin kayan amarya kuwa, ƙarƙashin turarukan wuta, Haulatu ta saka man zafi, babban gwangwani.