Juma'ar Yabo A Zauren Rima

Gardamar ranar a kan kifi ta taso. Safara'u 'yar Rabah ce ta fara, ta ce ita kam ba ta ga abin da ake kurantawa a kifin dam ɗin Goronyo ba, duk ƙaya. Abdulƙadiri ya ce mutumin da ya saba da busasshen kifi ina zai san daɗin ɗanye. Wani daga Wurno ya shigo ya ce su yi ta faɗansu, ko wane kifi ne sai da tafarnuwar Wurno yake zama miya. Kafin minti goma saƙo ya haura sittin.

Haka Juma'a take a Zauren Marubutan Rima, guruf ɗin Wasap mai mutum tamanin da ɗoriya daga Wurno da Rabah da Goronyo. Kwana shida ana turo labarai ana gyara wa juna. Ranar Juma'a kuwa an hana labari, sai hira da zolaya, bayan la'asar kuma kowa ya yabi wanda rubutunsa ya burge shi a makon.

Ruƙayyatu na zaune a tsakar gidansu a Goronyo tana ware albasar da Babanta ya kwaso daga fadama, wayar na kan cinyarta, tana dariya ita kaɗai. A irin wannan hirar ta Juma'a ta haɗu da Tambari, shugaban zauren, malamin gona ɗan Wurno. Wata rana ta ce ba ta iya dama fura ba, ya ce shi ya iya, sai a daidaita. Daga wasa magana ta girma. Yanzu shekara guda da wata biyu, har an ce manyansa za su kawo gaisuwa bayan an gama kwashe albasa.

Abu ɗaya ne ya so ya hana. Tambari ƙanen Siddiƙu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Siddiƙu kuwa shi ne ya nemi yayarta Uwaliya shekara huɗu lokacin yana koyarwa a Goronyo, saura wata biyu biki ya aiko cewa ya fasa, wai danginsu na malamai ba su saba da gidan manoma ba. Uwaliya ta yi wata uku a kwance. Daga baya ta auri Maccido na Shinaka, mutumin kirki, suka zauna lafiya har 'yan bindiga suka tashe su, suka dawo gidan Baba da 'ya'ya uku a ɗaki guda.

Da Inna ta ji ko ɗan wane gida ne Tambari, rantsuwa ta yi ba za a yi ba. Uwaliya ce da kanta ta durƙusa ta roƙe ta, ta ce yaron ba shi ya yi mata ba, kada a hana Ruƙayyatu abin da take so saboda ita.

Wata uku da suka wuce Siddiƙu ya shigo zauren, yana turo wani dogon labari kashi-kashi duk Talata. Ruƙayyatu ba ta taɓa buɗewa ba. Da ta ga sunansa take wucewa.

Bayan la'asar aka shiga yabo. Abdulƙadiri ya ce shi kam wannan makon ma Malam Siddiƙu zai yaba, don ya sa shi hawaye a kan babur. Ya kwafo wurin da ya taɓa shi ya manna: inda yarinya Kyauta ta ari jirgin masunta, ta tuƙa zuwa tsakiyar ruwan da ya cinye ƙauyensu, tana leƙen ƙasa ko za ta hango tsamiyar da aka binne uwarta a gindinta.

Albasar da ke hannun Ruƙayyatu ta faɗi.

Ta san Kyauta. Ta san tsamiyar. Tana 'yar shekara goma sha huɗu Uwaliya ke zaunar da ita ta karanta mata labarin daga littafin makaranta, tana tambayarta ko nan ya yi daɗi, ko can a canza. Ita ce ma ta ce a sa wa yarinyar Kyauta. Ta tuna ranar da Uwaliya ta gama kwafe shi da kyakkyawan rubutu ta ba Siddiƙu, ya ce zai kai Sakkwato a buga mata a na'ura. Bai dawo da shi ba. Uwaliya kuma ba ta sake riƙe biro ba sai in za ta rubuta lambar waya.

Ta koma baya ta karanta kashi goma sha biyu a zaune. Ko sunan akuya bai canza ba.

Tana gamawa sai ga amsarsa ta shigo. Ya gode wa kowa, ya ce shekara tara yana ɗauke da labarin nan a zuciyarsa, kuma wani mai maɗaba'a a Sakkwato zai fitar da shi littafi. Zaure ya ɗauki murna. Safara'u ta kawo shawarar a ware Juma'a mai zuwa don karrama shi, a gayyato abokan aikinsa da surukansa su shigo su ji. Kowa ya ce ya yi.

Ruƙayyatu ta ɗaga kai. Uwaliya na can bakin murhu tana fifita wuta da murfin kwano, goyo a baya, hayaƙi na shiga idonta. Shekararta talatin da ɗaya, amma wanda bai sani ba zai ce ta yi arba'in.

Ba ta ce mata komai ba. Ta shiga ɗakin Inna ta zazzage adaka. Can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, ta sami littattafai biyu da asu ya ci gefensu. Rubutun farko ne, da goge-gogensa da kwanan wata. A shafin ƙarshe na ɗayansu akwai rubutun wani hannu da jan biro: "Uwaliyata, wannan labari naki zai kai ki nesa." Ƙasa ya sa hannu, Siddiƙu Lawwali, da rana da wata.

Ta rungume littafin. Abin da ta ji ba baƙin ciki ba ne. Wani sanyi ne ya sauko mata, irin na wanda ya daɗe yana neman abu ya same shi.

Da ta so, a take za ta tura. Amma ta ga in ta yi haka mutum tamanin kawai za su gani. Ita so take surukan nan su shigo, abokan aikin nan su zauna, ya sha yabo ya ƙoshi tukuna.

Ranar Asabar ta yi wa Siddiƙu magana a zauren, karo na farko. Ta ce labarin ya burge ta, ta tambaye shi da ladabi inda ya samo sunan Kyauta. Ya amsa da saƙon murya na minti huɗu, ya ce sunan wata kakarsa ne, har da yadda ya zauna bakin dam shi kaɗai tunanin ya zo masa. Ta saurara sau uku, ta adana.

Ranar Lahadi Tambari ya zo kasuwar Goronyo, ya biyo ta gida kamar yadda ya saba. Suka taka zuwa bakin kanal inda Baba ke ban ruwa, suka zauna a inda yake hango su. Tambari ya kawo mata dabino da labarin yadda Innarsa ke ta shirin kayan gaisuwa. Ta bar shi ya gama, sannan ta zaro littafin daga mayafi ta buɗe masa shafin ƙarshe.

Ta yi zaton zai zabura. Bai zabura ba. Ya dubi jan rubutun, ya sunkuyar da kai.

"Ka sani..." ta ce.

Ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe, Tambari?"

"Tun ranar da yas sa kashi na farko. Na taɓa ganin littahin ɗakinai, an yage shahin suna."

"Mi kac ce mai?"

"Na ce ya ji tsoron Allah. Yac ce in na buɗe baki, shi ka zuwa wurin Babanmu ya rushe maganarmu. Kin san Babanmu ba ya tsallake maganatai." Ya ɗago ido. "Don ke niy yi shiru, Ruƙayyata."

Ya roƙe ta. Ya ce ta bari a ɗaura aure, wata uku kawai, shi da kansa zai tsaya a mayar wa Uwaliya haƙƙinta a cikin gida ba tare da tonon asiri ba. Ta ce kafin wata uku littafi ya fito da sunan wani a bango. Ya ce ta tuna duk abin da suka tsara, ɗakin da ya gina a Wurno, rijiyar da ya haƙa don kada ta wahala.

"Matar da tad durƙusa gaban Inna don a ba ka ni," ta ce, "ita kaka kallo wata ukku ana ci da guminta, kana tura mai tafi cikin zaure. Ashe da littahin Yaya za a biya aurena."

Ta miƙe. Ya kira sunanta har sau biyu, ba ta waiga ba. Sai da ta shiga gida ta ga ta bar dabinon a bakin ruwa.

Kwana huɗu yana kira ba ta ɗauka. Tana son sa, ba ta musa wa kanta ba. Amma duk lokacin da zuciyarta ta fara laushi, sai ta leƙa ta ga Uwaliya na wanke-wanke, ta koma ta sake sauraron muryar Siddiƙu yana maganar kakarsa.

Juma'a ta zo. An ƙara mutum ashirin da uku a zauren. Da safe aka yi hirar da aka saba, Safara'u ta turo hoton tuwonta da ya kama, aka yi ta yi mata dariya. Bayan la'asar aka shiga yabo. Wani ya kira Siddiƙu gwanin gabashin Sakkwato. Surukinsa ya yi saƙon murya ya ce sun yi dacen suruki. Abdulƙadiri ya yi masa waƙa baiti bakwai. Shi kuma yana ta amsawa da "ba komai ba ne, baiwa ce daga Allah."

Ruƙayyatu ta jira har aka kusa rufewa. Sannan ta rubuta cewa ita ma tana da yabo, amma ga mai labarin. Ta ce mai labarin sunanta Uwaliya Abubakar, tana nan Goronyo, yanzu haka tana tankaɗen gari. Ta tura hoton shafi na ɗaya, da na biyu, har goma. Ta tura saƙonsa na kaka. Ta rufe da shafin jan biro.

Tana ganin sunaye na fara rubutu suna gogewa.

Siddiƙu ne ya fara magana. Ya ce ƙage ne, yarinya ce mai riƙon tsohuwar gaba, kowa na iya kwaikwayon sa hannu. Ya umarci Tambari, a matsayinsa na wansa, ya goge hotunan ya fitar da ita yanzu.

Zaure ya tsaya yana jiran Tambari. Ita ma ta tsaya.

"Hannun Yaya Siddiƙu ne," ya rubuta. "Labarin na Uwaliya ne. Na sani tun farko na yi shiru. Ku yafe mini."

Ya naɗa Safara'u shugaba, ya fita daga zauren.

Abin da ya biyo baya ya fi yadda ta tsara. Surukin ya fice ba sallama. Abdulƙadiri ya goge waƙarsa. Kafin magariba Siddiƙu ya fita shi ma, washegari aka ji mai maɗaba'ar ya ce ba ruwansa. Ruƙayyatu ta ji daɗi, daɗi sosai, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba. Ta karanta kowace baƙar magana da aka yaɓa masa, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ranar Litinin wani dattijo ya zo daga Wurno ya gana da Baba a zauren gida. Bai daɗe ba. Baba ya shigo ya ce da Inna mutanen sun ce a bar maganar, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Da azahar Tambari ya turo mata saƙon murya. Ya ce Babansa ya ɗora masa magana mai nauyi da ba zai iya tsallakewa ba. Ya ce bai ce ta yi kuskure ba, shi ne ya yi. Ya ce ba zai sake son wata yadda ya so ta ba, daga nan saƙon ya yanke.

Ta wanke fuska, ta ɗauki wayar ta je wurin Uwaliya, wadda har yanzu ba ta san komai ba. Tun Juma'a mutanen zauren ke ajiye mata saƙonni. Ruƙayyatu ta zauna kusa da ita ta fara kunna mata.

Safara'u ta ce tana neman gafara, kuma in ba a ƙarasa mata labarin Kyauta ba za ta hau mota ta zo Goronyo ta zauna. Abdulƙadiri ya ce hawayen da ya yi a kan babur nata ne, a ba ta abinta. Wata tsohuwar malama daga Marnona ta yi ta sa mata albarka.

Uwaliya ta ajiye rariya. Ta ce a sake kunna na Safara'u. Ta yi dariya, ta rufe baki da gefen zane, hawaye na zuba ta cikin garin da ke kumatunta. Sai can ta tambaya ta ina mutanen nan suka san labarin.

Ruƙayyatu ta faɗa mata duka, har zuwan dattijon.

Uwaliya ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma gode ba. Ta jawo ta jikinta, kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Ke kin rama mani," ta ce a hankali. "To ke, ƙanwata... wa ka rama maki?"

A nan ne Ruƙayyatu ta fashe da kuka.