Layin da Ba Shi da Fayil

Ranar Litinin aka gano sakamakon gwajin wata rijiya na ƙarya ne. Takardar ɗakin gwajin ruwa ta ce ruwan lafiya lau, alhali mutum huɗu da ke sha daga rijiyar suna kwance da gubar dalma.

Sufeton 'yan sanda ya sauka ɗakin ƙasa na ma'aikatar gwajin, inda mai kula da manhaja ta shekara shida ita kaɗai cikin na'urori. Kujera ɗaya ce a ɗakin, sai ya tsaya.

"Wa ke taɓa fayilolin manhajar da ke lissafa sakamako?"

"Ni kaɗai, yallaɓai."

"To kin san inda maganar ta dosa."

Ta buɗe rahoton wani kuskure na ranar Alhamis, ta juyo masa da allon.

"Idan manhaja ta yi tuntuɓe, takan jera hanyar da ta biyo: sunan fayil, lambar layi, da abin da ke rubuce a layin. Dubi na ƙarshe. Layi na uku, amma ba sunan fayil, ƙarƙashinsa kuma wayam."

"Ma'ana?"

"Umarnin bai fito daga fayil ba, shi ya sa ta rasa inda za ta karanto shi. A akwatin da masu gwaji ke shigar da tsarin lissafi aka rubuta, daga baya aka goge."

Mutum uku ke da izinin akwatin. Mataimakiyar mai gwaji tana ƙauye ɗibar ruwa ranar, direba ya shaida. Saura shugaban ma'aikatar da Baba, dattijo mai gwaji, wanda shi kaɗai ke saukowa da azahar ya kawo wa mai manhaja shayi.

Mai manhaja ta nuna wa Sufeto saƙon ƙasan rahoton.

"Rubutun ya ɓace, amma kalmar da manhajar ta kasa ganewa ta saura. Sa su rubuta sunan gubar."

Suka hau sama, Sufeto ya ba su biyun takarda. Shugaba ya rubuta dalma. Baba ya rubuta darma.

"Dalma manhajar ta sani, darma kuwa ita ce kalmar da ta saura a rahoton," in ji Sufeto, yana duban Baba. "Hannunka ya rubuta darma, ta tsaya. Ka gyara, ka rage adadin gubar, ka goge. Don me?"

Baba ya cire tabarau. "Masana'antar surukina ce ke zubar da dattin da ya gurɓata rijiyar. Da an rufe ta, ina 'yata za ta?" Ya dubi mai manhaja. "'Yar nan, wallahi ban yi zaton za a ɗora miki ba."

"Amma da aka ɗora, Baba, ba ka ce komai ba."

Aka fita da shi. Kafin la'asar an rufe rijiyar. Ita kuwa ta koma ƙasa, ta gyara akwatin yadda zai riƙa adana duk abin da aka rubuta da sunan mai rubutawa. Ba wanda ya leƙo har aka tashi.