Faranti Na Uku

"Tun safe ba ka bar ni na sa komai a baki ba, Bartek. Yanzu kuma tauraro za mu jira?"

"Haka muke yi a gida, jajiberin Kirsimeti."

"A garinku tun la'asar duhu ke shiga. Nan Cape Town ne. Ɗaga kai ka gani."

Ya ɗaga. Rana tana nan a kan teku, ko alamar gajiya babu. Zufa ta jiƙa masa riga. Hayaƙin gasasshen nama na maƙwabta yana ta shigowa baranda, shi kuwa kifi kawai ya dafa.

Bartek ɗan Poland ne, makanikin injin jirgin ruwa. A kasuwar kifi ya fara ganin Zintle, tana kankare ɓawon kifi tana rera waƙar coci. Ya sayi kifin da ba ya bukata. Washegari ma haka. Ta sa masa suna Ƙanƙara saboda sanyin ƙasarsu, shi kuma yana ce mata Ranata.

Mahaifinta, Tata Dyani, ya ce bai yarda da aurensu ba. Ba farar fatar ce ta dame shi ba. Cewa ya yi yaro ba shi da kowa a bayansa, da wa za a zauna a yi magana? Ga Luvo ɗan maƙwabcinsu, kawunnansa har sun zo gaisuwa. Ya ce da sabuwar shekara zai ba su amsa.

Da safen nan Zintle ta turo wa Bartek saƙo: "Ƙanƙarata, na roƙe shi ya ƙi. Ni kaɗai zan zo. Kada ka sa rai."

Shi ya sa ranta ya ɓaci da ta ga faranti uku a kan farin ƙyalle.

"Na ce maka ba zai zo ba."

"Ba nasa ba ne, Ranata."

"To na wace ce?"

Bai kai ga amsa ba aka buga ƙofa. Tata Dyani ne, makullin mota a hannu, ya zo tafiya da 'yarsa. Bai gaisa ba. Idonsa ya sauka a kan kujerar da ba kowa, ya tambayi wa ake jira.

Bartek ya yi bayani a hankali. A gidansu kullum ana ajiye faranti ɗaya, don duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, da kuma waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ya ce bara mahaifinsa ya rasu. Ya ce a wannan lokacin mahaifiyarsa da kawunnansa sun riga sun ga nasu tauraron ta cikin dusar ƙanƙara, kuma a teburinsu akwai farantin da suka ajiye masa.

Tsohon ya daɗe a tsaye. Shi ma ba ya yanka akuya bai kira sunan mahaifinsa ba.

"Ashe kana da mutane."

"Ina da su, Tata. Nisa ne kawai."

Ya ja kujerar ya zauna. Suka jira su uku, sama ta yi ja, ta koma shuɗi, iskar teku tana kaɗa gefen ƙyallen. Zintle ce ta fara hango tauraron a saman dutse, ɗan ƙarami, yana rawa.

Tata Dyani ya ci kifi ya ƙara. Yana wanke hannu ya ce a gaya wa kawunnan Bartek su nemi jirgi, kuma su zo da hula, kada rana ta gasa masa surukai.

Suka zo, rana ta ƙona su duk da hular. Aka yi bikin aure lokacin Ista, tsohon ya sa albarka.

Kirsimetin da ya biyo, faranti huɗu ne a baranda. Zintle ta zauna da ƙyar, hannunta a kan cikinta. Tata Dyani ya dubi kujerar da ba kowa, ya dubi 'yarsa, ya dubi sama.

"Bana kuma wa muke jira?"