Layi Bakwai a Lakar Tafki

Aikina a jami'a shi ne karanta laka. Dangi na yi mini dariya, wai na yi boko na ƙare a wasan taɓo. Dogon bututu muke sokawa a ƙasan tafki, mu zaro laka yadda ta kwanta shekara bisa shekara. Duk inda baƙin layin gawayi ya gitta, mun san an yi gobara a wannan zamanin.

Bayan kaka na sauka gidan Baba Mani, wan mahaifina, a wani ƙauye bayan Sheme. Rumbunansa uku cike da dawa, abincin mutum goma sha huɗu har wata kakar. Da la'asar na je tafkin da ke yamma da gari na ciro bututu ɗaya. Layi bakwai na ƙirga, kauri-kauri, ban taɓa ganin irinsu ba. Ɗoki ya hana ni tambayar kowa komai. Na dawo na jingine bututun a jikin rumbun tsakiya, don nan ne inuwa take.

Gab da magariba Baba ya shigo daga gona. Ya tsaya yana shaƙar iska.

"Hamida, mi ke ƙauri?"

"Ko tuwo ne ya kama, Baba?"

Bai yi dariya ba. Idonsa na kan bututun.

"Ina kika ɗauko wanga?"

Na fara zuba masa bayani irin namu na 'yan boko. Ya ɗaga hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Ke ɗiyar nan. Duk sa'ad da gobara ta ci garin ga, kakanninmu kan kwashe garwashin cikin tukwane, su kai tabki su nutsar. Ba mutuwa ta yi ba, kwance take. Maida ta kahin rana ta hwaɗi. Wanda ya ɗauko shi ka maidawa."

Na so in yi musu. Sai na taɓa bututun, na ji shi da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi.

Na rungume shi na fita da gudu.

Hanyar ta ratsa gonakin da aka girbe, babu kowa. Ƙaurin ya ƙaru: jinka, gashin akuya, da wani abu mai maiƙo da ban so in gane ba. Cikin bututun kara na fashewa, ƙas, ƙas.

Sai takun sawu a bayana. Masu yawa, babu takalmi.

Rana na gabana, ja wur. Amma inuwata ma a gabana take, tana rawa.

Na kama A'uzu. Tsoro ne tsantsa, ban taɓa jin irinsa ba.

"Ruwa," muryar wata tsohuwa ta raɗa a kunnena. "Ɗiyata, ruwa."

Mayafina ya fara hayaƙi. Tafin hannuna ya manne da bututun.

Na faɗa tafkin har ƙugu, na danna bututun cikin laka da duk ƙarfina.

Ruwan ya yi cuuu. Sawun suka wuce ni ta dama da hagu, suka shige ƙasa. Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Na dawo da hannu duk bororo, na tarar da rumbunan tsaye, ko tsinke ɗaya na jinkarsu bai ƙone ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan murna.

Da safe Baba ya hau ya buɗe na tsakiya. Dammunan na nan a jere yadda ya shirya su, kowace zangarniya da siffarta. Ya ɗauko ɗaya, ta ruguje a hannunsa. Gawayi ne har ƙasa, mai sanyi ƙalau.

Shekarar nan tun kafin ruwan farko gidan ya koma tuwo sau ɗaya a rana. Baba bai taɓa ce mini uffan a kan lamarin ba, da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Da na je gaishe su cikin damina, yara sun zube, idanu sun faɗa. Aka kawo tuwon la'asar, ya duba kwanukan, ya turo mini wanda ya fi cika.

"Ci, ɗiyata, kin sha hanya."

Na sa hannu.